AUNA MAGANIN SHA GA JARIRAI SABBIN HAIHUWA A ASIBITI

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu mai aikin harhaɗa magunguna ya gabatar a taron ƙungiya a nan Potiskum. Mun buga shi kamar yadda aka yi shi, domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.)

 

 An umurce ni in yi magana a kan lafiyar jarirai, to amma fagen yana da faɗi, lokaci kuwa kaɗan ne, saboda haka zan tsaya a kan abu ɗaya, wato yadda ake auna maganin sha ga jaririn da bai wuce kwana 28 ba, musamman wanda aka kwantar a asibiti.

Na san wani zai ce ai wannan aikin likita ne da nas, mu ina ruwanmu. To, ku dubi yadda jinya take a asibitocinmu. Likita zai rubuta magani, uba ya karɓi takarda ya fita nema, wani lokaci har cikin gari, kaka ko gwaggo ce zaune a bakin gado, in an sallame su kuma mai jego ce za ta ci gaba da bayarwa a gida. Hannu huɗu ko biyar maganin nan yake bi kafin ya isa bakin yaro, kuma fiye da rabin hannuwan namu ne. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba sa cika wata ɗaya. Yawancinsu haihuwar bakwaini ce ke ɗauke su, ko wahalar naƙuda, ko ƙwayoyin cuta. Wanda Allah Ya sa ya tsallake waɗannan ya iso hannun ma'aikata, bai kamata a ce maganin da aka kawo domin ceto shi ne ya cuce shi ba.

Masu zuwa kasuwar shanu a cikinmu sun san cewa maganin tsutsa da ake ɗura wa bijimi ba shi ake ɗura wa ɗan maraƙi ba, sai an dubi girman dabba. Haka ma jariri, sai dai shi lamarinsa ya wuce maganar girma kawai. Hanta ce ke sarrafa magani a jikin mutum, ƙoda kuma ta fitar da shi ta fitsari. A jikin sabon haihuwa duka biyun ba su gama nuna ba, ballantana bakwaini. Sai magani ya shiga ya zauna. Ku ɗauki sinadarin kafein, wanda ke cikin goro da shayi. Babban mutum idan ya sha, cikin sa'o'i biyar ko shida rabinsa ya bar jikinsa. A jikin bakwaini kuwa sai ya kwana uku ko huɗu kafin rabin ya fita. Ke nan in aka yi kuskure yau aka maimaita gobe, taruwa yake yi.

Duniya ba ta gane wannan ba sai da aka yi hasarar rayuka. A shekarar 1959 likitoci a Amurka suka ba da rahoton jarirai da ke mutuwa bayan an ba su kulorafenikol, maganin nan da muka sani na taifod. Yaro ya ƙi nono, ya yi ta amai, ciki ya kumbura, fatarsa ta koma kalar toka, jiki ya yi sanyi. Maganin mai kyau ne, ba jabu ba, kuma an lissafa shi da nauyin yaro kamar yadda ake yi wa manyan yara. Abin da aka rasa sani shi ne hantar jariri ba ta iya sarrafa shi da sauri irin ta wanda ya girma. Daga nan aka fara ware wa jarirai nasu ma'aunin dabam.

Yau duk maganin sha da za a ba jariri a asibiti yana tsaye a kan lambobi uku. Na farko nauyin yaro a kilo. Na biyu ƙarfin maganin da ke cikin kwalba, wato miligiram nawa ne a cikin kowace mililita, waɗanda ake rubutawa mg da ml. Na uku, wanda ke fitowa daga biyun farko, shi ne ml nawa za a zuƙa. In ɗaya ya kauce, sauran ba su da amfani.

Bari in ba ku misali da kafein ɗin da na ambata. Bakwaini yakan manta da numfashi, ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma wannan sinadarin yana tashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a ƙa'idojinta na kula da bakwaini na 2022. (Kada wani ya je ya jiƙa goro ya ba jariri, ya ce ni na faɗa. Na asibiti tatacce ne, an san ƙarfinsa.) A ranar farko ana ba da mg 20 a kan kowane kilo, daga nan kullum mg 5 zuwa 10 a kan kilo. Yaro mai kilo 1.2, in likita ya zaɓi mg 5, rabonsa mg 6 ne a rana. Idan kwalbar mai mg 20 ce a kowace ml, abin da za a zuƙa ml 0.3 ne, wato kamar ɗigo shida. To, jama'a, ɗan ɗigon biron nan da ke tsakanin sifili da uku, in biro bai kama ba ko takarda ta jiƙe, sai a karanta ml 3. An ninka maganin sau goma ke nan. Irin wannan kuskuren na ninki goma sananne ne a ɗakunan jarirai a ko'ina a duniya, har a Ingila da Amurka, shi ya sa ake koya wa ma'aikata su riƙa rubuta sifili a gaba, 0.3, kada su bar .3 tsirara, kuma kada su rubuta 1.0 inda 1 ya isa, don gudun a karanta 10. Haka nan akwai kwalba mai mg 10 a kowace ml, wadda ita kuma ml 0.6 za a zuƙa wa wannan yaron. Sunan magani ɗaya, yaro ɗaya, ma'auni biyu.

Maganar nauyi kuma, jariri ba ya tsayawa wuri ɗaya. A kwanakin farko yakan rage, har kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin haihuwa, sannan ya mayar cikin kwana 10 zuwa 14, ya ci gaba da hawa. Saboda haka ake ɗora su a sikeli akai-akai, kuma idan nas ta ce a tuɓe masa shawul da zani kafin a auna, iyayenmu mata a yi haƙuri a tuɓe, a rufe shi nan take in an gama. Giram 100 na tsumma ba kome ba ne a jikin babba, amma a jikin ɗan kilo ɗaya kashi goma cikin ɗari ne.

Inda mu 'yan gari muka fi shiga ciki shi ne ƙarfin kwalba. Farasitamol na yara iri biyu ne a kemis. Akwai na ruwa mai mg 120 ko 125 a cikin ml 5, akwai kuma na ɗigawa mai mg 100 a cikin ml 1 kacal, wanda ya ninka na farko ƙarfi wajen sau huɗu. Jariri mai kilo 3 da likita ya rubuta wa mg 30, daga na ruwa ml 1.25 zai sha, daga na ɗigawa ml 0.3. In uba ya je ya ce a ba shi farasitamol na yara, aka miƙo masa na ɗigawa, aka zo aka zuƙi ml 1.25 kamar yadda aka saba, yaron ya sha rabon mutum huɗu irinsa, kuma farasitamol in ya yi yawa hanta yake ci, a ɓoye, sai bayan kwana biyu ko uku a ga alama. Don haka duk abin da aka sayo a waje a kai wa nas ko mai ba da magani ya karanta jikin kwalbar kafin a buɗe. In mai kemis ya ce babu irin wanda aka rubuta amma ga ɗan'uwansa, a komo a tambaya tukuna. Kuma tun da na ambaci farasitamol, bari in faɗa da babbar murya: jaririn da bai kai wata biyu ba idan jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama nono, wannan na asibiti ne a ranar, ba na farasitamol a ɗaki ba.

Sai cokali. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar hatsi ya san mudun wannan ba na wancan ba ne, kuma a cika shi da tozo dabam, a shafe bakinsa dabam. Cokalin shayi haka yake. A littafi ml 5 ne, amma na gidajenmu wani bai kai ml 3 ba, wani ya haura 7. Ko da ma daidai yake, cokali guda na farasitamol mg 120 ne, mun koma ninki huɗu ga yaron da na ambata. Murfin kwalba ma ba ya auna ƙasa da ml 2.5 da kyau. Abin auna maganin jariri sirinji ne marar allura, kuma ƙarami, mai ɗaukar ml 1, wanda aka yi wa zane-zane ƙanana ɗari a jikinsa. A auna ml 0.3 da sirinji mai ml 10 kamar a auna gwal ne da sikelin buhu. Ana karanta ma'aunin daga gefen baƙar robar da ke fuskantar maganin, a ɗaga shi daidai ido, a kuma fitar da kumfar iska, domin kumfa guda a cikin ɗan wannan ma'auni ta cinye wani kaso na maganin.

Yanzu zan ɗan daɗe a kan abin da ya fi ba mu wahala mu ma'aikata, domin ku san dalilin da wani lokaci kuke ganin muna jinkiri. Magunguna da yawa kamfanoni ba sa yin su da siffar da ta dace da jarirai, ko kuma suna yi amma ba sa isowa wajenmu, ko tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Abin da ke hannu ƙwayar manya ce. Misali fenobabiton, maganin jijjiga, wanda akan ci gaba da ba jaririn da ya sha wahalar haihuwa bayan an tsayar da jijjigar da allura. Ƙwayar da aka fi samu mg 30 ce. Yaro mai kilo 2, a kan mg 5 kowane kilo, mg 10 yake bukata, sulusin ƙwaya ke nan. Ƙwayar kuwa ba ta kai ƙwayar wake ba. Wa zai raba ta uku daidai da reza? Wani ɓangaren zai fi wani, wani ya rugurguje.

Dabarar da ake yi ita ce a niƙe ƙwayar gaba ɗaya, a zuba ruwa mai tsabta wanda aka auna, a ce ml 6, sai kowace ml ta ɗauki mg 5, a zuƙi ml 2. A takarda lissafin ya fita sarai. A cikin kofi kuwa akwai matsala, domin fenobabiton ba ya narkewa sosai a ruwa, kwanciya yake yi a ƙasa kamar kamu a cikin ƙwarya. In aka bar shi ya ɗan jima aka zuƙa daga sama, kusan ruwa aka ba yaro, jijjiga ta dawo. In aka ajiye ragowar aka ba shi na ƙasan daga baya, ya sha mai kauri, ya yi ta barci, numfashi ya yi rauni. Wani garin kuma ya maƙale a jikin turmi da kofi. Saboda haka ƙa'ida ita ce a motsa, a zuƙa nan take, a zubar da saura, lokaci na gaba a niƙa sabuwa. Na sha ganin masu jinya suna jin zafin zubar da ragowar, suna cewa kuɗi ne. Gaskiya ne kuɗi ne, amma ragowar nan ba wanda ya san ƙarfinta. Akwai kuma ƙwayoyin da sam ba a niƙa su, irin masu rufi da aka yi domin su narke a hankali. Wannan haɗin aikin ɗakin magani ne, kada a ga an yi sau ɗaya a je gida a kwaikwaya da wata ƙwayar.

Akwai wani ɗan abu kuma da ko cikin ma'aikata ba kowa ke lura da shi ba. A bakin sirinji, bayan an tura maganin duka, wani ɗan ruwa yakan rage, kamar ɗigo ɗaya, wajen ml 0.05. Masu ƙera sirinji sun san da shi, ba ya cikin lissafi. To sai mai jinya, don son kada a yi hasara, ta zuƙi ruwa ta ɗauraye ta ƙara wa yaro. In maganin ml 5 ne, ba kome. In ml 0.1 ne, kamar yadda yakan kasance da digoksin, maganin zuciya, an ƙara masa rabin rabonsa ke nan, kuma digoksin tsakanin warkarwarsa da gubarsa ɗan taki ne.

Na garin da ake zuba wa ruwa, kamar amoksisilin, shi kam kowa ya san shi. A girgiza garin ya saki, a zuba ruwan da aka tafasa ya huce, rabi tukuna, a girgiza, sannan a cika zuwa zanen da ke jikin kwalba, kada a wuce, kada a gaza. A girgiza kafin kowane sha. Bayan kwana 7, ko abin da aka rubuta a jiki, a zubar. Da zafinmu na watan Afrilu da Mayu, ga rashin wuta, a rufe shi da kyau a ajiye a inuwa kusa da randa. Wannan magani yana da tarihi da ya shafe mu. Tsakanin 2011 da 2013 an yi wani babban bincike mai suna AFRINEST a Kwango da Kenya da Nijeriya, kuma Zariya na cikin wuraren da aka yi shi, tare da Ibadan da Ile-Ife. An gano cewa jarirai masu alamun cuta mai tsanani waɗanda ba a samu kai su babban asibiti ba, ana iya yi musu magani da amoksisilin na sha haɗe da allurar jentamaisin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan haka. Amma a lura, ma'aikata ne suka auna yaran, suka ƙayyade maganin bisa nauyi, suka riƙa bibiya. Kwanciya a asibiti ita ce ta farko ga wanda ya samu hali.

Wani abin kuma al'adarmu ce ta kawo shi. Ba ma raɗa suna sai kwana bakwai, saboda haka a ɗakin jarirai da sunan uwa ake kiran yaro. To ku ƙirga mini A'isha nawa, Fatima nawa, Hauwa nawa za a samu a ɗaki ɗaya a gari kamar Potiskum, inda ake kawo marasa lafiya daga Fika da Nangere da Fune da ƙauyukan da ke kewaye. In an kira ɗan A'isha, kada a miƙa hannu kawai. A faɗi sunan uba, a duba lambar kati. 'Yan biyu ma haka, Hasan na iya fin Husaini da rabin kilo, maganinsu ba zai zo ɗaya ba, kowa da sirinjinsa da takardarsa.

Masu jinya su tsayar da mutum ɗaya mai ba da magani. Yakan faru uwa ta ba da na asuba ta shiga wanka, kaka ta farka ta ga kwalba ta sake bayarwa. A sami takarda a riƙa yin zane duk lokacin da aka bayar, ko da ba a iya boko ba. In yaro ya yi tumbuɗi bayan sha, kada a maimaita sai an tambaya. Wajen bayarwa a ɗan ɗaga kansa, a sa bakin sirinji ta gefen kunci, a tura kaɗan-kaɗan yana haɗiya. Ɗurar nan ta toshe hanci a kwantar da yaro a zuba, ita ke kai magani huhu. Wanda aka sa wa robar abinci ta hanci kuwa, nas kaɗai ke taɓa ta.

Akwai maganin da akan sallami uwa da shi wanda ake sha har mako shida ko fiye, kamar nebirafin da ake ba jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau domin kare shi. Mai mg 10 ne a kowace ml. Yaron da aka haifa da kilo 2 zuwa ƙasa da 2.5 yana shan ml 1 sau ɗaya a rana, mai kilo 2.5 zuwa sama ml 1.5. A nan ragin ne abin tsoro, domin in aka riƙa tsallakewa kariyar ta tafi. Ina roƙon dangi, in kun ga mai jego tana ba ɗanta magani kullum, ku taimaka mata da tuni, ku bar bincike. Jin kunyar idon mutane ya sa mata da yawa ɓoye kwalba har lokacin sha ya wuce.

Game da abin da ake sayowa ba da takardar likita ba, dattawa za su tuna 1990, lokacin da yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan saboda farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai guba mai kashe ƙoda. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 aka sake yi da maganin haƙori mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin inda aka fara ganin abin. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Dauri da jiƙe-jiƙen da ake kawowa a ɓoye cikin kwanon abinci kuma, ban zo in zagi abin da iyayenmu suka rene mu da shi ba, amma ba mai iya gaya mini mg nawa ke cikin kofi ɗaya, kuma hantar da ke fama da maganin asibiti ita za a ɗora wa. In an riga an ba shi, a gaya wa likita gaskiya domin ya san lissafin da zai yi.

Kafin a bar asibiti, uwa ko mai jinya ta ce wa nas ta nuna mata a jikin sirinji inda za ta tsaya, a yi wa wurin alama da biro ko ɗan filasta, sannan ita ma ta zuƙa da hannunta a gaban nas a gani. A tambaya sau nawa a rana, har kwana nawa, kuma yaushe za a dawo awo. Ma'aikata suna da yawan aiki, wani lokaci nas ɗaya ce a kan ɗaki guda cikin dare, amma wannan minti biyu ne, kuma haƙƙinku ne.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiya. Cikin abin da ake warewa na taimakon marasa lafiya, a sayi ƙananan sirinji na ba da magani ta baki, masu ml 1 da masu ml 5, a kai ɗakin haihuwa da na jarirai domin kowace uwa ta fita da nata. In hali ya yi, a haɗa da sikelin jarirai mai batir wanda ke nuna giram. Kafin a saya a tuntuɓi shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, ita ta san irin wanda suke bukata. Na zo da sirinji guda goma da ruwa mai kala a kwalba, bayan an tashi iyayenmu mata da ke so su tsaya mu gwada zuƙar ml 0.3 da ml 1.5 tare.